Gidajen da Indiya ke ginawa a gandayen shayin Sri Lanka: ginin ya yi, magana tana wajen takardar fili

Abin da shirin ke ba iyali ɗaya bai da wuyar faɗi. Gida ne na bulo da siminti mai faɗin murabba'in ƙafa 550, da ɗakin kwana biyu, falo, kicin da banɗaki, a kan fili mai girman perch 7. Perch ma'aunin fili ne da ake amfani da shi a Sri Lanka, guda 160 ke yin eka ɗaya, kowane ɗaya kuma ya ɗan haura murabba'in mita 25. Bakwai ɗin sun kama murabba'in mita 177. Wanda ya saba da fuloti mai ƙafa 50 da 100 sai ya ƙiyasta abin da bai kai rabinsa ba, wajen ƙafa 50 da 38. Gwamnatin Indiya ce ke biyan kuɗin ginin, kyauta ba bashi ba. A zangon gidaje 4,000 da aka sa wa hannu a 2016 don lardunan Tsakiya da Uva, an ware rupi 950,000 na Sri Lanka ga kowane gida. Fili, hanya, ruwa da lantarki kuwa nauyin gwamnatin Sri Lanka ne.

Ba a gane darajar wannan ƙaramin gida sai an san inda mutum ya fito. Masu tsinkar ganyen shayi a Nuwara Eliya, Badulla, Kandy da Ratnapura 'yan Tamil ne da Turawan Birtaniya suka kwaso kakanninsu daga kudancin Indiya tun shekarun 1820, da farko don gonakin kofi, daga baya don shayi bayan cuta ta cinye kofin a shekarun 1870. Yau suna kiran kansu Malaiyaha, wato mutanen kan tsauni, kuma daban suke da 'yan Tamil na Jaffna da gabashin tsibirin. Masaukin da aka yi musu shi ne layam: doguwar bariki ɗaya ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, an tsaga ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki wajen ƙafa 10 da 12. A wasu wuraren layi biyu ne suka juya wa juna baya, don haka iska da haske ta ƙofa kaɗai suke shiga. A ciki ake girki, a ciki ake kwana, uba da uwa da 'ya'ya, wani lokaci har da suruka. Famfo da masai na taro ne. Saboda rufin a haɗe yake kuma wayoyin wuta sun tsufa, gobara in ta tashi a ɗaki ɗaya sai ta bi layin gaba ɗaya. Wanda ya bar irin wannan wuri ya shiga gida mai taga ta ɓangare huɗu da banɗakin kansa ba ya bukatar a yi masa bayanin riba.

To me ya sa mutanen da suka kusa shekara 200 a ƙasa ba su da ko taku ɗaya na fili? Amsar ita ce ke nuna inda shirin ke da rauni, don haka dole a ɗan tsaya a kanta.

Wata tara bayan samun 'yancin kai, a Nuwamba 1948, majalisar Silon (sunan Sri Lanka a lokacin) ta kafa dokar zama ɗan ƙasa mai lamba 18. Wanda aka haifa a tsibirin sai ya tabbatar da cewa an haifi mahaifinsa a can, ko kuma kakansa da kakan mahaifinsa na wajen uba. A kan takarda dokar ta shafi kowa, amma 'yan gandu kaɗai aka riƙa cewa su kawo shaida, su kuwa haihuwarsu a littafin ofishin gandu ake rubuta ta, in ma an rubuta. Mutum fiye da 700,000 suka wayi gari ba su da ƙasa. Dokar 1949 ta buɗe ƙofar neman rajista, da sharaɗin zaman shekara 7 ba yankewa ga mai aure, 10 ga marar aure, da shaidar samun abin masarufi. An nema wa mutum fiye da 800,000, waɗanda suka samu ba su wuce kimanin 134,000 ba. A wannan shekarar aka gyara dokar zaɓe ta yadda ɗan ƙasa kaɗai ke shiga rajista. Jama'ar da ta tura wakilanta majalisa a 1947 ba ta samu kujera ko ɗaya ba a zaɓen 1952, kuma sai 1977 jagoran ƙungiyar ƙwadagonsu, Savumiamoorthy Thondaman, ya sake shiga da ƙuri'ar mutanen Nuwara Eliya.

Yarjejeniyar firayim ministocin Silon da Indiya, Sirimavo Bandaranaike da Lal Bahadur Shastri, ta Oktoba 1964 ta kasa mutum 975,000 kamar kayan gado: 525,000 su koma Indiya, 300,000 su zama 'yan Silon, 150,000 a jira. A 1974 aka raba ragowar gida biyu, 75,000 kowane ɓangare. Da yawa daga waɗanda aka sa a jirgin ruwan Talaimannar zuwa Rameswaram ba su taɓa ganin Indiya ba. Jirgin ya daina zirga-zirga a 1984 saboda yaƙin basasar Sri Lanka, dubbai suka maƙale da fasfo ɗin Indiya da ya mutu. Dokokin 1986 da 1988 sun rage matsalar, sai dokar 2003 mai lamba 35 ta rufe ta, inda mutum kimanin 190,000 suka samu shaidar zama 'yan ƙasa a gangamin rajista na ƙarshen shekarar.

Duk rabon fili na ƙasar a cikin waɗannan shekarun aka yi shi. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 1972 ta ƙayyade wa mutum eka 50, ko eka 25 in gonar shinkafa ce, gwamnati ta karɓe fiye da eka 560,000. Gyaran 1975 ya ƙwace gandayen kamfanoni, wasu eka 400,000 da ɗoriya. An yanka wa ƙauyawan Sinhala, ƙabila mafi rinjaye a ƙasar, filaye daga ciki, amma masu aikin gandun ba su cancanta ba, domin filin gwamnati na ɗan ƙasa ne. A yankunan Kandy da Matale ma korar su aka yi daga gandayen da aka raba, da yawa suka gangara arewa zuwa Vavuniya da Kilinochchi, yaƙi ya same su a can. A Mayu 1977 'yan sanda suka harbe wani matashin ma'aikaci, Sivanu Letchumanan, a zanga-zangar hana yanka filin gandun Devon kusa da Talawakelle. Har yau ana tunawa da shi a tsaunukan. A 1992 gwamnati ta miƙa gudanar da gandayen ga kamfanoni 20 da 'yan kai, bisa hayar da za ta kai 2045. Ma'ana, ƙasar ta hukumomin gwamnati ce, tana hannun kamfani bisa haya, ma'aikaci kuma a kanta yake zaune saboda aiki. Sun samu katin ɗan ƙasa ne bayan an gama rabo an watse.

A kan wannan ƙasa mai iyayen gida biyu ake son kafa gidan mutum na uku. Ga yadda aikin ke tafiya.

Da farko kamfanin da ke riƙe da gandun ne ke nuna wurin da ya yarda ya saki. Nan ne matsala ta farko, kuma ita ce babba. Kamfani ba ya sakin fegi mai ba da ganye sosai. Abin da yake nunawa galibi tsohon shayi ne da ya gaji, ko gangare mai duwatsu, ko wani lungu nesa da titi da makaranta. Daga nan sai hukumar binciken gine-gine ta ƙasa, NBRO, ta zo ta duba haɗarin zaftarewar ƙasa. Wannan mataki ba na wasa ba ne, kuma ba a yi masa gardama tun bayan 29 ga Oktoba 2014, ranar da tudu ya rufta kan barikokin Meeriyabedda a Koslanda ya binne mutum fiye da 30. Idan hukumar ta ƙi wurin, sai a koma wa kamfani neman wani, watanni su tafi. Idan ta amince da sharaɗi, sharaɗin yakan zama katangar tokare ƙasa da magudanan ruwa, kuma kuɗinsu ba ya cikin rupi 950,000 ɗin. Bayan haka safiyo ya auna, a yanka fuloti-fuloti, a tuge kututturan shayi, a daddale gangaren hawa-hawa.

Zaɓen masu amfana yana bi ta hannun ofishin gandu, ƙungiyar gama kai ta gidajen ma'aikatan gandun, da gidauniyar kula da jin daɗin 'yan gandu, PHDT. Ana duba halin ɗakin da iyali ke ciki, yawansu, da ko suna wurin da ke da haɗari. Sai dai ginshiƙin cancanta shi ne a samu mai aiki a rajistar gandun. Wannan sharaɗi ya bar jama'a masu yawa a waje, domin a yau yawancin mazauna layam ba sa tsinkar ganye. 'Ya'yansu suna shaguna da gidajen abinci a Kolombo, ko masaƙun tufafi, ko aikatau a ƙasashen Larabawa, tsofaffi kuma sun yi ritaya. A ganinmu nan shirin ya fi kuskure: igiyar da ta ɗaure wurin kwana da aikin kamfani ita ce ciwon tun asali, kuma ita aka sake riƙewa wajen rabon magani. Ƙungiyoyin ƙwadago na gandu su ne kuma jam'iyyun siyasar yankin, saboda haka ƙorafin cewa jerin sunaye na karkata ga 'yan ƙungiyar da ministanta ke kan kujera ba ya ƙarewa, kowace ƙungiya na zargin 'yar'uwarta.

Wanda sunansa ya fito sai ya kawo katin shaida, takardar haihuwa, takardar aure da asusun banki. A nan tsohon rashin ƙasa ke sake ɗago kai. Sunan Tamil da magatakarda mai jin Sinhala ya rubuta yakan fito da harafi daban a takardar haihuwa, daban a katin shaida, daban a littafin albashi da na asusun fansho. Wani lokaci sunan uba ya zama na ɗa, tunda a al'adarsu sunan uba ke zuwa gaba. Gyaran yana bukatar takardar rantsuwa da sa hannun jami'in ƙauye na gwamnati, wanda a yankunan gandu yake kula da mutane ninki-ninkin na ƙauyukan maƙwabta, kuma ba lallai ya ji Tamil ba. Duk ranar da aka tafi ofis an yi asarar kuɗin yini. Shawarar da ta fi amfani ga iyali ita ce su daidaita sunan a dukkan takardu kafin a fara awon fili, domin da sunan da ke jerin za a rubuta takardar mallaka, gyara bayan haka kuma ya fi wuya.

Ginin kansa shi ne ɓangaren da ya fi gamsarwa. Ba a miƙa wa babban ɗan kwangila ɗaya ba. A zangon gidaje 4,000, an sa ƙungiyoyi huɗu kula da aikin: UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyar Red Cross, Habitat for Humanity da hukumar gidaje ta Sri Lanka. Kuɗi na fita kashi-kashi, bayan jami'in fasaha ya ga an kammala mataki: tushe, bango zuwa linta, rufi, sannan filasta da ƙofofi da tagogi. Iyalai na sa hannunsu wajen haƙa da dakon kaya, suna kuma sayen siminti, rodi da yashi a dunƙule ta hannun ƙungiyar gama kai don farashi ya sauka. Amfanin wannan tsari a fili yake: mai gida na tsaye ana zuba tushensa, ba mai rage masa siminti a ɓoye. Gidaje 404 na farko da aka miƙa a gandun Dunsinane a Agusta 2018, unguwar da aka raɗa wa suna Mahatma Gandhi Puram, sun nuna cewa tsarin na iya aiki da yawa a wuri ɗaya.

Inda yake tuntuɓe shi ne kuɗin a tsaye yake, farashi kuma ba ya tsayawa. A kan tudu, motar yashi ba ta kaiwa bakin fuloti, sai a sauke a bakin titi a ɗauka da taraktoci ko a ka, kuma kowane buhu ya ƙara tsada kafin ya isa. Damina biyu ake yi a shekara, kwanakin zuba kankare kaɗan ne. Birkiloli da kafintoci na gudu zuwa birni inda lada ya fi. Mai tsinkar ganye da ke fita tun safe ba ta da lokacin tsayawa kan magina, in ta tsaya kuma babu kuɗin ranar. Sai ga durƙushewar tattalin arzikin 2022: dala ta tashi daga wajen rupi 200 zuwa 360, hauhawar farashi ta kusa kashi 70 cikin ɗari a Satumba, buhun siminti ya ninka fiye da sau biyu. Duk gidan da wannan lokaci ya riske shi a matakin bango sai ya tsaya, ko iyali su ci bashi su rufa. Ma'aikacin da ƙa'idar ladansa a yini ta zama rupi 1,000 a 2021, ta koma 1,350 a 2024, ba shi da rarar da zai cike giɓi.

Tsarin gidan ma yana da abin gyara. A wuri irin Nuwara Eliya, mai tsayin sama da mita 1,800, sanyi da raɓa ba sa ɗagawa. Rufi marar silin yana ɗigar da gumi da asuba, bangon da ke jingine da yankakken tudu kuma yana tsotsar danshi idan ba a bar rata da kwata a bayansa ba. Yawancin iyalai da itace suke girki, don haka ba a daɗe ake ganin an kafa rumfar kwano a bayan gida. Idan aka cire gidan, ramin masai, hanyar shiga da wannan rumfa daga perch 7, abin da ya rage bai isa garken saniya ɗaya da kwamin kayan miya ba, alhali madara da kayan lambu su ne hanyar samun kuɗi ta biyu a tsaunukan. Ba kuma wurin da ɗa zai ƙara ɗaki in ya yi aure. Shi ya sa daga baya gwamnati ta koma maganar perch 10, wanda ya ɗan ɗara fuloti mai ƙafa 50 da 50, wasu ƙungiyoyi kuma na neman fiye da haka tare da gonar noma.

Rabon aiki tsakanin gwamnatoci biyu ya haifar da wani abin takaici da aka sha gani: gida ya kammala, an yi fenti, amma ba ruwa, ba turakun wuta, hanya kuma laka ce. Kuɗin Indiya ya zo ya gama nasa, na ma'aikatar Sri Lanka yana jiran kasafi. Iyali sai su ci gaba da kwana a tsohon layam saboda can ne famfo yake. Tushen wannan ma doka ce. Sashe na 33 na dokar ƙananan hukumomin karkara ta 1987 ya hana su kashe kuɗinsu cikin gandu, saboda ana ɗaukar sa wurin kasuwancin wani. Mutane na jefa ƙuri'a su zaɓi kansila, kansilan kuma ba shi da ikon gyara musu kwalbati. Sai 2018 aka gyara sashen, a shekarar aka kafa hukumar raya sababbin ƙauyukan yankin gandu, aka kuma ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi irin su Norwood, Maskeliya, Kotagala da Agarapatana. Gyaran ya buɗe ƙofa, amma har yanzu shiga gandu da aiki na bukatar fahimtar juna da manaja. Wasiƙa ma a gandaye da yawa ofishin manaja take sauka da sunan gandun, ba ƙofar gida ba, kuma ta haka ake rasa kiran ganawar aiki ko takardar shiga jami'a.

Sai takardar fili, wadda ita ce ma'aunin shirin duka. Ba kowace takarda da aka miƙa a bikin buɗe gidaje ce shaidar mallaka ba. Akwai wasiƙar da ke cewa an ware wa wane fuloti, akwai izinin zama, akwai kuma cikakkiyar takardar mallaka da aka yi wa rajista a ofishin filaye. Ta ƙarshen ce kaɗai banki ke karɓa jingina, ita ce kuma ke tsayawa a kotu. Kafin ta fito sai kamfani ya saki wurin daga hayarsa a rubuce, hukumar da ƙasar ke sunanta (hukumar gyaran mallakar ƙasa, ko ɗaya daga hukumomin gandu biyu na gwamnati) ta amince, taswirar safiyo ta samu lamba, sannan a yi rajista. Mataki ɗaya ya maƙale, iyali na cikin gidan amma ƙasar ba tasu ba ce. Abubuwan da ya kamata a duba a jikin takardar huɗu ne: lambar taswira da ta fuloti, hatimin ofishin rajista, sharuɗɗan sayarwa ko gado, da sunan wanda aka rubuta. Na ƙarshen nan ya fi shafar mata. Su ne mafi yawan masu tsinkar ganye, sau da yawa rajistar aikinsu ce ta jawo gidan, amma al'adar ofis ita ce a rubuta sunan maigida. Idan kuma ƙarƙashin dokar raya ƙasa ta 1935 aka bayar, a sani cewa jerin magadanta ya fifita babban ɗa namiji har zuwa gyaran 2022. Rubuta sunan magaji tun mai fili na da rai ya fi barin abin ga jadawalin doka.

Game da sauri, maki kaɗan shirin zai samu. Firayim Ministan Indiya Narendra Modi ya sanar da ƙarin gidaje 10,000 a taron Norwood cikin Mayu 2017, aka sa hannu a 2018, amma rukunin farko na gidaje 1,300 a gandaye 45 sai Fabrairu 2024 aka ƙaddamar da shi. Ko an gama duka, jimilla 14,000 ke nan, ga iyalai fiye da 100,000 da ke cikin layam. Akwai kuma abin da wasu 'yan Malaiyaha kansu ke faɗi, kuma da gaskiyarsu: mutanen da suka yi shekara 55 suna fafutukar a yarda su 'yan Sri Lanka ne, bai dace gidansu ya dogara ga kyautar ƙasar da aka so a tura su ba. Kyautar ta rage wa gwamnatin Kolombo nauyin da yake nata, kamar yadda ta ɗauke shi ga ƙauyukan da ke ƙasan tudun.

Ga iyalin da sunansu ya fito, babu dalilin ƙi: gidan ya fi layam ta kowace fuska, ba bashi a kansa, ginin kuma mai ƙarko ne in an kula da magudanar ruwa. Abin da bai kamata su yi ba shi ne miƙa mabuɗin tsohon ɗaki kafin ruwa da wuta su iso, ko ɗaukar wasiƙar da aka ba su a gaban kyamara a matsayin ƙarshen magana. Kwafin taswirar safiyo da lambar rajista su ne abin nema, tun kafin hayar kamfanonin ta ƙare a 2045 a sake zama kan wanda zai riƙe ƙasar.